Allurar Goɗiya a Gwiwar Maigidana

Maigidana mai kula da dawaki ne a wata barga, kuma ya fi jin maganar doki a kan tawa. Tun bara gwiwarsa ta dama take ciwo. Da safe sai ya dafa bango kafin ya miƙe, amma yana isa ƙofar barga sai ya saita tafiyarsa, don mai bargar ba ya ajiye mai ɗingishi, doki ne ko mutum.

Akwai wata tsohuwar goɗiya da ita ma gwiwarta ta kumbura. Ranar da likitar dabbobi ta zo duba ta, shi ya riƙe linzami. Ya dawo gida bakinsa har kunne.

"Kin san me likita ta ce? Wai ba ƙashi kaɗai ne matsalar ba. Akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe cikin gaɓa, shi ke yin ruwan da ke sa ta santsi. In ya kumbura sai ya tara ruwa, guringuntsi ya riƙa lalacewa. Ta ce da na doki da na mutum kusan duk ɗaya ne."

"To sai ka je asibitin mutane," na ce.

"In nemi hutu a gane ina ciwo?"

Goɗiya ta sha allura a gwiwa, kafin mako ya zagayo har tana sukuwa. Ashe mutumin nan ya tsinci ragowar maganin da sirinjin a kwandon shara. Ya shige ɗakin sirdi, ya naɗe wando, ya soka wa kansa daidai inda ya ga an soka mata.

Ban sani ba sai da zazzaɓi ya kayar da shi. Na yaye zanen rufa na ga gwiwa ta yi suntum, tana sheƙi, ga zafi kamar murfin tukunya. Da ya faɗa mini abin da ya yi, tsoro da haushi suka kama ni.

"Malam, kai doki ne?"

"Ai ta ce ɗaya ne."

A asibiti likita ya zuƙo ruwan gwiwar, sai ga mugunya. Ya ce allurar ta kai ƙwayoyin cuta cikin tantanin, su kuma sun samu wurin zama. Aka shiga da shi tiyata aka wanke gaɓar, aka sake wankewa. Ni kuwa ina kan benci ina ta roƙon Allah kada a ce za a yanke. Ba a yanke ba. Amma likitan ya ja ni gefe ya ce guringuntsin ya riga ya cinye, da wuya gwiwar ta ƙara lanƙwasuwa. Ban gaya wa maigidana ba.

Ranar da muka dawo gida, la'asar ta yi. Ya yi alwala da ƙyar, ya ture hannuna, ya hau darduma da sandarsa. Ya yi ruku'u ya ɗago. Daga nan sai ya tsaya. Ina bakin ƙofa ina kallon bayansa, ya gwada sauka sujada, ya sake gwadawa, gwiwar ta ƙi.

Ya yi sallama a tsaye. Bai juyo ba ya ce, "Kawo mini kujera."