Ragowar Kwanon Baba

Shekara uku na yi a Indiya ina auna kashin 'yan maruƙan ɓauna. Karatun da Baba ya sayar da shanu huɗu ya tura ni ke nan, kuma idan aka tambaye shi sai ya ce 'yarsa Mariatu likitar dabbobi ce, ba ya ƙara komai. Aikin ba wuya sai ƙazanta. A auna abincin da aka zuba wa maraƙi, a auna abin da ya rage, a auna abin da ya kasayar. Wasu mu barbaɗa musu garin hulba da citta da tafarnuwa, wasu mu bar su haka, mu ga cikin wa ya fi narkar da abinci. Masu cin hulba suka fi. Na karɓi takardata, na zo New York, na ƙare a aikin kula da tsofaffi, don babu ɓauna a unguwarmu ta Morrisania.

Bara na ɗauko Baba daga filin jirgin JFK, ya zo daga gida saboda ciwon ciki. Wata biyar muna jelen asibiti, sannan likita ta zaunar da ni ta ce ciwon daji ne, ya bazu, in kai shi gida in ba shi duk abin da yake so. Ban ji komai a raina ba. A hanya na tsaya na sayi ƙaramin sikeli na kicin.

Abin da na iya ke nan. Kullum da safe kafin in fita aiki in dafa masa shinkafa ta yi luguf, in zuba hulba da citta, in auna. Da yamma in auna ragowar, in rubuta a littafi. A Indiya na yi wani maraƙi, lamba sha huɗu, da ragowarsa ta riƙa ƙaruwa kullum har ya mutu rana ta tara. Ragowar Baba ma haka take tafiya, kuma na sani sarai.

Wata rana ya kama ni da kwanonsa a kan sikeli.

"Ke Mariatu, ni ma an maƙala mini lamba a kunne ne?"

"Baba, dubawa kawai nake."

"Shekara hamsin ina kiwo, yau ni ake wa barbaɗen hulba." Ya daɗe yana kallon littafin, duk da bai iya boko ba. "Idan kwanon ya zo wayam, me kike rubutawa?"

"Sifili."

"To."

Daga wannan makon ragowar ta fara raguwa. Rabi, kwata, sai ga kwano tas. Na ƙara hulba. Wuyansa kuwa kullum ƙara ramewa yake, amma na zaɓi in yarda da littafi.

Ranar Asabar na haɗu da Abena a matattakala, 'yar Kumasi da ke zaune a ƙasanmu. Ta tare ni da kwandon wanki a hannu.

"Sister, ki faɗa wa old man naki ya daina feeding tattabaru, kin ji? Duk window nawa kashi ne. Shinkafar ma wani smell take, kamar magani."

Na ba ta haƙuri. Na hau, na shiga ɗakin Baba, yana barci. Na ɗaga taga. A kan matattakalar ƙarfe ta waje ga ƙwayoyin shinkafa sun bushe, rawaya-rawaya, ga tattabaru uku ƙosassu, ko tashi ba su yi ba. Hulba dai ta karɓe su. Na tsaya ina jira in ji haushi ko kuka ya zo, babu wanda ya zo. Na rufe tagar.

Kwanonsa na gefen gado, an ma goge shi da yatsa don ya yi kama da na wanda ya ci da marmari. Na kai shi kicin, na ɗora a sikeli, na buɗe littafi.

"Mariatu," ya kira daga ɗaki, muryar da ƙyar take fita. "Nawa ya rage yau?"

"Sifili, Baba. Ka cinye."

"Alhamdu lillahi. Maganinki na aiki."

Na rubuta sifilin, na jiƙa hulbar gobe.