Kitsen da ke Bayan Labule

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu kawai nake karantawa. Idan kun ga kuskure, nawa ne.

Sunana Rakiya. A Unguwar Kanawa muke, Babanmu Sanda mahauci ne. Yayata Balaraba ta bar makaranta a aji uku na sakandare, ta yi shekara guda tana zaune a gida kafin ta shiga ƙungiyar 'yan mata da wata Anti Rebecca ta buɗe a garejin gidansu. Sabulu suke koyo. Duk wadda ta cika wata uku ana ba ta rancen bokiti biyu da soda da mai, ta fara nata. Saura mako ɗaya Yaya ta cika nata sai Goggo Dije, ƙanwar Baba, ta zo daga Mando da magana a bakinta.

"Yaya Sanda, ka san da me matar nan take haɗa sabulun? An ce da kitsen alade."

"Wa ya ce?"

"Kowa! In ba haka ba, me ya sa take kulle ɗaki? Me ya sa yaran suke ɗaure hanci?"

Tun rikicin addini na bara mutane ba sa buƙatar hujja mai yawa. Baba ya ce daga ranar Yaya ba za ta ƙara zuwa ba. Yaya ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo.

Washegari Asabar Inna ta ja ni bayan murhu. Ta ce, "Ke ba wanda yake lura da ke. Je ki ce Balaraba ba ta da lafiya, ki zauna, ki buɗe idonki. Kada yayarki ta ji."

Na tafi garejin. 'Yan mata wajen goma sha biyar na tarar, wasu da mayafi wasu da siket, kowacce ta ɗaure hanci da ƙyalle, hannu cikin safar roba. Anti Rebecca doguwa ce, ba ta cika dariya ba. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Me ke damun Balaraba?"

"Zazzaɓi, Anti."

"Jiya lafiyarta ƙalau."

Na sunkuyar da kai. Ta nuna mini benci ta ce kada in taɓa komai. Wannan "komai" ɗin ya tsaya mini a rai.

Wata mai suna Jummai, da take juya bokiti da muciya, ta ce, "Ke ce ƙanwar nan mai karatu har a banɗaki? Zo ki juya, ko hannunki na takarda ne?" Aka yi dariya. Ni kuwa idona yana kan wani labule a ƙarshen garejin. Sau biyu Anti ta shiga bayansa, sau biyu ta fito da kwano a rufe, kuma duk lokacin sai ta gyara labulen da kyau. Da ta kira wata yarinya gefe tana mata magana ƙasa-ƙasa, sai na ga kamar ni suke nufi. Har tsakin da Jummai ta yi wa muciyarta na ɗauka da ni take.

Can aka kira Anti cikin gida. Na tashi kamar mai neman ruwan sha, na zame bayan labulen. Akwai tukunya da narkakken abu fari ya daskare a ciki, gefenta kuma ƙunshin takardar siminti. Na buɗe. Ɗanyen kitse ne jibge. Ban san yadda na alade yake ba, ban taɓa gani ba. Na yagi wani yanki na tura a aljihun siket, na fito ina jin kamar warinsa yana bina.

Bayan la'asar na tarar da Baba da Goggo da Inna a tsakar gida. Na ajiye kitsen a kan murfin kwano. Goggo ta ja da baya tana salati.

"Kun gani ko? Fari fat! Rakiya, maza wanke hannunki da ƙasa!"

Baba ya matso. Ya taɓa shi da tsinke, sannan ya ɗauka da hannu, ya murza, ya kai hanci. Ya juya shi yana duban inda wuƙa ta bi. Ya daɗe.

"A takardar siminti yake?"

"E, Baba."

"An ɗaure da igiyar rama, ƙulli biyu?"

"E."

Ya ajiye. "Kitsen ƙodar bijimin sa ne. Kuma yankana ne. Shekaranjiya na cire shi da hannuna."

Goggo ta ce, "Yaya Sanda, duba dai da kyau."

"Dije, shekara talatin ina fiɗa, ke za ki koya mini kitse? Wani Irmiya ne mai keke yake kwashewa duk Alhamis. Ban taɓa tambayarsa me yake yi da shi ba."

Inna ta ce a hankali, "Mijin Rebecca sunansa Irmiya."

"To ɗaure hancin fa?" in ji Goggo. "Da labulen?"

Na ce, "Soda ce, Goggo, tana da ƙauri. Labulen kuma ina jin don ƙuda ne."

Goggo ta ce ita dai har yanzu ranta bai kwanta da matar ba. Baba ya ce shi ma akwai abin da bai kwanta masa ba, watau yadda Irmiya yake taya kitsen kamar na zubarwa ne alhali sabulu ake yi da shi. Sannan ya ɗaga murya. "Balaraba! Fito. Jibi ki koma wajen aikinki."

Yaya ta fito idonta a kumbure. Ta durƙusa ta yi godiya, sai ta hango murfin kwanon.

"Wannan ai na wajenmu ne. Anti tana auna shi kafin a narka, za ta ce ɗayarmu ce ta ɗiba. Wa ya kawo shi nan?"

Goggo ta fara gyara ɗankwali, Inna ta juya wajen murhu. Ni kuwa na ɗauki takalmana a hannu, na bi jikin bango na fice ta zaure.