Dashen da Ya Ƙi Wuce Gwiwa

Baba mai gadin gandun daji ne. Duk dashen da ya fi so, a gindin manyan itatuwa yake dasa shi, wai kada rana ta gasa masa shi. Akwai wani ɗan maɗaci da ya ƙi wuce gwiwa. Ya sha ruwa ya sha taki, amma yana nan kamar tsinke, ya karkace yana leƙen ɗan hasken da ke ratsowa ta ganye.

"Baba, abin nan ba ƙishirwa ke damunsa ba," in ji Auta, 'yarsa mai taya shi aiki.

"Ke dai kawo ruwa."

Da damina iska ta kayar da ƙaton icen da ya rufe shi. Baba ya yi ta jimami, wai rana za ta kashe maraya. Kafin kaka, maɗacin ya kai masa ƙirji.

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo ga Auta, wadda furfura ta fara leƙo mata.

"Aikin birnin nan da na hana ki, har yanzu suna nema?"

Ta ajiye bokitin a hankali. "Baba, ai tuni suka ɗauki wata."