Hancin Duna

Karo na uku ke nan Duna ya tsaya cak a bakin ramin tururuwa. Sarjan Abdurrahamane ya sauke bindiga daga kafaɗa.

"Manzo, karen nan naka abinci yake nema, ba tsohuwa ba. Tun hantsi yake wasa da hankalinmu."

Kwana biyu ke nan da Gwaggo Lalla ta bar Korgom da 'yar ƙwaryarta, shiru. Jandarmomi, jami'an tsaro, suka gaji da nema, suka ɗauko Manzo mafarauci da karensa Duna, wanda farin bana ya mayar ƙashi da fata.

"Ranka ya daɗe, kare mai yunwa tono yake yi, shi kuwa bai tona ba," in ji Manzo. "In ƙarya zai yi, ni yake kallo yana kaɗa wutsiya, ya ga ko na yarda. Yanzu ko waiwayo bai yi ba."

"Au, har ƙarya yake yi?"

"Kamar kowa dai, tunda bana ta kama."

Manzo ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. An fasa ramin da itace, an kwashe ƙwayoyin hatsin da tururuwa suka tara, kamar yadda mata ke yi a shekarar. Ashe Gwaggo Lalla ramukan take bi, kare na bin ta.

"Rami ɗaya na ƙara masa," in ji Sarjan. "In babu ita, na harbe shi, kowa ya huta."

Ba su kai na huɗu ba. Duna ya karkata yamma, yana tangaɗi, har gindin wata aduwa. Can take kwance, leɓe ya tsage, ta rungume ƙwarya mai ɗan hatsin da bai cika tafin hannu biyu ba. Duna ya lashi zanenta, ta buɗe ido.

"Ku janye min ƙazamin nan! Da wane zane zan yi la'asar?"

Manzo ya janye karen, ya tallafo kanta.

Suna shiga gari da ita a amalanke, suka tarar da motar soja a ƙofar gidan Manzo. Wani dogon hafsa da bai taɓa gani ba ya diro, ko sallama babu, idonsa a kan Duna.

"Shi ne karen da ke gano hatsi a ƙarƙashin ƙasa? Madalla. Gobe gida-gida za mu bi, mu kwashe hatsin da aka ɓoye. Da naka za mu fara, a gwada shi."