Turare Tsinke Biyu

Otose tana tsugune gaban tukunyar da take dafa sabuwar igiyar rama don ta yi laushi, sai ta ji unguwa ta yi tsit. Mai tallan kifi ma ya haɗiye sauran kiransa. Ta san irin wannan shirun, an kamo wani ke nan. Ta goge hannu ta leƙa ta ƙofa, ba don tausayi ba, don dai ta ga ɗaurin. Shekararta goma sha huɗu tana auren Gonroku, maɗaurin gidan alƙali, har ta iya karanta igiya a bayan mutum: wannan ɗaurin ɗan kasuwa ne, wannan na mai takobi, wancan na mace.

Na yau ɗaurin mai sana'ar hannu ne, kuma babu ƙulli ko ɗaya. An naɗe igiyar ne kawai aka soke, dogari na riƙe da bakinta. Wato har yanzu zargi ne. A Japan ta wancan zamani ƙulli shi ne abin kunya, in ya hau jikin mutum to ya hau kan zuriyarsa duka.

Sai da idonta ya gama da igiyar sannan ya kai kan ƙeyar mutumin. Akwai tabo a wurin, kuma ita ta yi masa shi da takalmin katako suna yara. Isuke ne, ƙanenta, mai yin laimar takarda.

"Yaya!" ya ƙwala mata kira. "Yaya, ba ni ba ne! Tulunan man laima kawai suka gani!"

Dogarin ya fizgi igiyar, suka wuce.

Kwana uku da suka shige gobara ta cinye gida goma sha ɗaya a layin masu shinkafa. Wanda ya sa wa gari wuta, da wuta ake kashe shi, da ransa, a gaban jama'a. Amma fa doka tana da adalcinta, in ji masu ita: ba a yanke wa kowa hukunci sai ya amsa laifi da bakinsa. Yadda ake buɗe bakin ne dai ba a cika son faɗa ba.

* * *

Gonroku ya dawo da yamma, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a kan tabarma. Mutum ne mai sanyin hali, ko kare bai taɓa shura ba. Abin da ya fi ba ta tsoro da shi ke nan, komai da zuciya ɗaya yake yi.

"Share hawayenki," ya ce. "Gobe za a sa shi a jatan lande, amma na roƙi alfarma, ni zan ɗaure shi da hannuna. Da ɗayan maɗaurin, Denzo, za a ba, wannan mahaucin da ba ya bambanta mutum da damin itace."

Ɗaurin jatan lande. A harɗe wa mutum ƙafafu, a kai hannayensa baya, a jawo wuyansa da igiya har haɓarsa ta taɓa idon sawunsa, a bar shi a lanƙwashe.

"Iya ƙonewar turare tsinke biyu ne kawai," Gonroku ya ci gaba, yana kai shinkafa baki. "Ma'aunin gidanmu ne tun kakana. Akwai zafi, ban ce babu ba, amma ba ya nakasa mutum. Ke ce shaida. Sau nawa na auna a kanki? Kina tashi ki ɗora tukunya. In ya danne bakinsa, ya tsira."



A gidan maɗaura jikin mace shi ne wurin koyo. Ba a fitar da sirrin ɗauri waje, ba a kuma gwada shi a kan baƙo, don haka matar gida ke durƙusawa. Ranar da aka fara yi mata, tana amarya, sai da ta suma. Washegari uwar mijin ta ja ta bakin rijiya ta raɗa mata: "Ke, 'yar nan, kashe kanki za ki yi? In zai ja, cika ƙirjinki da iska, ki taurare damtse, ki ɗan karkata wuyan hannu. In ya gama ki saki a hankali, za ki samu faɗin yatsa biyu. Haka na yi wa ubansa shekara talatin, haka uwar ubansa ta koya mini. Kuma in kika bari namiji ya ji, ke da gidan nan sai kallo."

Faɗin yatsa biyu. Da shi take rayuwa tun daga ranar. Ta sha ganin mutanen da ake fitowa da su daga gidan alƙali hannaye na lilo, ta sha jin mijinta yana cewa dama can masu raunin jini ne. Takan kawar da kai. Ba 'yan'uwanta ba ne.

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji kanta tana cewa, "In ƙaro shayi?"

* * *

Da safe yana naɗe igiyarsa a hannun riga, ta durƙusa ta tare ƙofa.

"Maigida, ma'aunin nan ƙarya ne."

"Wane ma'auni?"

"Tsinke biyun. Ban taɓa jure shi ba, ko sau ɗaya. Cutarka nake yi." Ta zayyana masa komai, iskar, damtsen, wuyan hannun, har da maganar bakin rijiya.

Ya tsaya yana kallonta, sai ya fashe da dariya. "To, sannu gwana! Wato ke da kike tsoron gizo-gizo kin fi ƙarfin igiyar gidan Gonroku? Da ke da tsohuwata, kun taru kun mai da maza uku sakarkaru?"

"Na rantse maka da kabarin iyayena."

Dariyar ta ɗauke. "Kar ki sa matattu a ciki. Shekara goma sha huɗu ba ki faɗa ba, jiya ba ki faɗa ba, sai yau da ƙanenki zai durƙusa? Na gane, Otose. Ni ma da nawa ne zan ƙirƙiro wadda ta fi wannan. Amma kada ki sake faɗin ta ko a gaban bango. In ta kai kunnen alƙali cewa ana zame wa ɗaurina, ni da aikin nan mun rabu, ke kuma sai takardarki."

"To ɗaure ni yanzu ka gani. Yanzun nan!"

"Yanzu? Kina jin ƙararrawa?"

Tana ji. Ƙararrawar gidan ibada ta fara buga sa'ar zaman shari'a.

"Ka tsaya a tsinke ɗaya, na roƙe ka."

"A ce na yi wa surukina sassauci? Take za a karɓe shi a ba Denzo, shi kuwa uku yake kunnawa."

"To ka raɗa masa ya cika ƙirjinsa da iska."

"In raɗa masa tatsuniya?" Ya ɗaga ta daga ƙofar a hankali, kamar mai ɗauke yaro daga bakin murhu. "Kwantar da hankalinki. Ƙanena ne ni ma. Zan ba shi ƙarfin gwiwa."

Ta ji ƙarar takalminsa har ya sha kwanar layi.

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta je gaban allunan sunayen magabata, ta ɗauki tsinken turare ta kunna, ta zuba masa ido. Ba ta taɓa sanin turare yana da nawa haka ba. Tokar ta taru, ta lanƙwasa, ta faɗi. Ta san a daidai nan yatsu ke fara sagewa. A nan kafaɗa ke kama wuta. A nan ita takan saki iskarta ta ji jini ya dawo. Isuke ba shi da abin da zai saki. Da na farko ya ƙare ta kunna na biyu. Ta rasa wanne za ta roƙa: ya amsa laifin a ƙone shi, ko ya daure igiya ta gama da shi.

* * *

Ya daure. Sau huɗu aka sa shi cikin kwana tara, bai amsa ba. A rana ta goma aka gano daga murhun gidan wanka wutar ta tashi, babu hannun kowa.

Magatakarda da kansa ya rako shi har ƙofa, yana fara'a. "Ku gode wa adalcin mai girma alƙali. Ko ƙulli ɗaya bai taɓa jikinsa ba, kowa shaida ne. Sunan gidanku fes yake."

Otose ta sunkuya har goshinta ya taɓa tabarma. "Mun gode, ranka ya daɗe."

Isuke ya shigo a duƙe kamar tsoho. Hannayensa sun saki daga wuyan hannu, suna reto kamar jiƙaƙƙen tsumma. Yatsun nan ne ke tsaga gora sili arba'in ba tare da ɗaya ya fi ɗaya kauri ba. Ta ajiye masa kwano da tsinkayen cin abinci. Ya dube su, ya dube ta, ya yi murmushi. Ta ɗauka ta fara ba shi a baki.

"Yaya, kar ki riƙe Yaya Gonroku a zuciya," ya ce bayan loma ta uku. "Shi ya cece ni. A rana ta farko saura kaɗan in ce ni ne, in huta. Sai ya sunkuyo kamar yana gyara igiya, ya ce, 'Daure, tsinke biyu ne kawai, yayarka ma tana jurewa ta tashi ta yi girki.' Na ce kai, Isuke, ka ji kunya, Yaya da ke kuka in ƙaya ta soke ta?" Ya yi 'yar dariya. "Ashe ke jaruma ce ban sani ba."

Shinkafar ta zube daga tsinken a kan cinyarsa.

Gonroku yana zaune a gefe, abincinsa ya huce bai taɓa ba. "Zai warware," ya ce, idonsa a kan tabarma. "Jininsa ne ba ƙarfi. Nan da girbi zai warware."



Otose ta goge wa ƙanenta baki, ta kai shi ɗakin ciki ta ja ƙofa. Ta ɗauko igiyar da ta dafa ranar da aka kama shi, ta riga ta bushe, ta sha mai. Ta ajiye ta gaban mijinta. Ta kafa turare tsinke biyu a cikin toka, ta kunna ɗaya, sannan ta juya masa baya ta harɗe ƙafafu, ta kai hannayenta baya.

"Ba yau ba, Otose."

"Yau ne, Maigida."

Daga bayan ƙofar takarda suna jin tsinken cin abinci yana faɗuwa daga hannun Isuke, a yi shiru, ya sake faɗuwa. Can ta ji igiyar ta zagaye ƙirjinta, da sanyin hannun nan nasa da ta sani. Ya tsaya, kamar kullum, kafin ya ja.

Ta miƙe wuyan hannunta sosai, ta sassauta damtse, ta fitar da iskar da ke ƙirjinta duka.