Kan Kawu a Ƙarƙashin Famfo

A gida Kawu nake ce masa, ƙanin mahaifiyata ne. A kwaleji kuwa Farfesa ne, shugaban kwamitin kiyaye haɗari. Ni ce ma'aikaciyar ɗakin gwaji, mai wanke kwalabe da manna musu suna. Shekara shida ina mannawa yana ɓarewa, wai takarda ta raggaye ce, shi hancinsa ya ishe shi. Ya buɗe kwalba, ya shaƙa, ya faɗi abin da ke ciki.

Ran Talata ya tara sababbin ɗalibai goma sha biyu zai koya musu yadda za su kare kansu. Na miƙa masa tabarau da farar riga.

"Ajiye," in ji shi. "Tun ba a haife ki ba nake cikin sinadarai."

Ya yi bayani mai kyau, wallahi. Ban da ci, ban da sha, ban da shaƙar abin da ba ka sani ba. Yana rufe baki ya ɗauko wata kwalba da ya ɓare wa suna makon jiya.

Na ce, "Farfesa, amoniya ce, mai ƙarfin."

"Ke ce mai digiri uku ko ni?"

Ya murɗe murfin ya kai hanci. Tururin ya doke shi, hannunsa ya kaɗa, ruwan ya fantsamar masa a idon hagu. Ihun da ya kurma, har magatakarda ya ji a bene.

Muna da kwanon wanke ido a kusurwa, sabo fil. Katan takwas ne jibge a kansa, cike da ɗan littafin da Farfesa ya rubuta kan kiyaye haɗari. Ban tsaya ɗaga ilimi ba. Na ce ɗalibai su buɗe tagogi su fita, ɗaya ta tsaya ta duba mini agogo, don sai an yi minti goma sha biyar ana wanke idon. Na shaƙo wuyan rigarsa, na ja shi wurin wanke kwalabe, na danna kansa ƙarƙashin famfo, na buɗe idon da yatsuna.

"Sake ni, mara kunya! Sai na gaya wa uwarki!"

"Gaya mata, Kawu. Saura minti goma sha ɗaya."

Tsoro nake kada mutumin nan ya makance a hannuna, da duk taurin kansa.

A asibitin kwaleji likita ya ce ruwan nan ne ya ceci idon. Farfesa, da auduga a rabin fuska, ya gyaɗa kai ya ce ai abin da yake koyarwa ke nan kullum. Ya sa na rubuta a rahoto cewa darasi ne a aikace, da gangan ya shirya shi. Ya kuma kafa doka mai tsanani: duk kwalbar da aka gani ba suna, ni za a tuhuma.

Da yamma na tarar da Umma a ƙofar kicin, fuska a ɗaure.

"An ce kin danna kan ƙanina a ruwa gaban yara."

"Umma, idonsa fa..."

"Gobe ki je ki ba shi haƙuri." Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya. "Ya yi ihu sosai?"

"Sosai."

Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. "Haka yake yi yana yaro in ina masa wanka."