Gem Ɗin Ɗan Fari

Maimunatu na tsakiyar tankaɗen garin dawa ihun ya ɗauke. Ba raguwa ya yi ba, yankewa ya yi ƙat. Ta tsaya da rariya a hannu, ta kasa kunne wajen ɗakin zaure. Can sai ga warin ƙonanniyar roba ya biyo iska har tsakar gida.

Ummi, autarta, ta shigo a guje. "Mama, gem ya mutu. Har hayaƙi ya yi."

"Yayanku fa?"

"Shina nan zaune, ya tasa shi gaba."

Yayan nasu shi ne Rufa'i, ɗan farin Maimunatu, wanda ya kusa cika shekara ashirin ba tare da ya taɓa jin sunansa a bakinta ba. Haka ta taso ta gani a gidansu, haka kuma ta riƙe. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zaunar da shi a yi hira, ba a tsura masa ido. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, da ta rasu ya dawo gida da tsawonsa. In Maimunatu za ta ba shi tuwo, sai ta ce wa ƙannensa, "Ku kai ma wancan." Matan unguwa har yabonta suke yi, wai ita ce ta san kunya, ba irin matan yanzu masu rungumar 'ya'yan fari a gaban surukai ba. Tana jin daɗin yabon, ba ƙarya.

Gem ɗin kuwa, na'urar wasan talabijin, mijinta Badamasi ne ya sayo na hannu daga Kano, shekarar da samarin Kusada suka fara taruwa a bayan firamare suna shan maganin tari kamar kunu. A shekarar ne Manu, ɗan maƙwabtansu, ya fara yawo a tasha yana gardama da mutanen da babu wanda ke ganin su. Badamasi ya ce shi ba zai zuba ido ba, zai kawo abin da zai ɗaure yara a gida.

Da farko a falo aka ajiye shi, na kowa da kowa. 'Yan matan gidan, Basira da Ummi, su yi tseren mota, Rufa'i ya buga ƙwallo. Har mai gidan ya taɓa karɓar hannun gem ɗin, Ummi ta lallasa shi, ya miƙe yana cewa ai wayar ce ta yi gajarta. Da Rufa'i ya gama sakandare, makarantar gaba ba ta samu ba, sai ya koma ɗakin zaure da tsohuwar talabijin. Gem ya bi shi. 'Yan matan suka yi ƙorafinsu suka gaji.

Ita Maimunatu abin bai dame ta ba. Ɗakin da ba za ta iya shiga ba, ga shi yana yi mata magana da kansa. Muddin tana jin ihun 'yan kallon ƙwallo daga zaure, ta san ɗanta na gida. Da wannan ihun take girki, da shi take wanki, da shi hankalinta ke kwanciya.

* * *

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarfinta. Sai ta aika Ummi zaure ba dalili, yarinyar ta dawo ta ce, "Shina ta ƙwaƙular bayan gem ɗin da wuƙa, Mama. Ko abinci bai taɓa ba." Tausayi ya kama Maimunatu. Ta ce a ranta, dubi yadda yaron nan ya shaƙu da abin nan.

Badamasi ne ya ƙwace gem ɗin da ya dawo daga sakatariya, ya kulle a ɗakinsa kafin a ƙarasa shi. Ummi ta ce har roƙo Rufa'i ya yi a bar masa, shi zai gyara.

Bayan la'asar Badamasi ya zauna a tabarma yana murza ƙafafunsa da suka kumbura.

"Malam, abin ga fa sai an san yadda aka yi," in ji Maimunatu. "Jiya ya fita tun hantsi, sai magariba."

"Na sani, Maimuna. Ina ta tunani, gyara za a yi ko sabon yayi za a sawo. Yaran ofis sun ce wanga ya tsufa, ko an gyara ba ya kai ko'ina."

Basira ta leƙo daga ɗaki. "Abba, in sabo ne, don Allah a aje shi falo. Mu ma ɗiyan gidan ga ne."

"Ke dai bari a samu tukuna." Ya juya ga matarsa. "Tunda za ki suna Kankia jibi, ki biya ki kai ma Sharafaddeen. Abin da ya ce shi za a yi. Ni na gaji."

"In sabon ne, ga ragona nan."

Badamasi ya dubi ragon da take ta kiwo don layya.

* * *

Shagon Sharafaddeen, ƙaninta, yana bakin titin Kankia, inda manyan motocin Kano da Katsina ke girgiza kwanon rufi in sun wuce. Ya share mata benci, ya aika a kawo ruwa mai sanyi, sannan ya kwance gem ɗin daga zanen da ta naɗe shi.

"Yaya, in gaskiya kike so, ku sayi sabon yayi, mai lamba huɗu. Hotonshi kamar mutane na gaske, kuma ba ruwanku da faifai. Wanga ko, ko na tashe shi, watan gobe kina nan tafe." Ya juya shi yana shinshinawa. "Amma mi ya ƙone haka? Marfin bayan ma ya liƙe."

Ya sa sukundireba ya ɓamɓare. Ashe a bayan irin wannan gem akwai wani ɗan aljihu da babu komai a ciki. Na Rufa'i kuwa cike yake dam. Sharafaddeen ya zaro wata baƙar leda da zafi ya narkar, ta manne da fanka ta hana ta juyawa. Ya yaga ta a kan tebur. Katin ƙwayoyi suka zubo, wasu cikakku, wasu an ɓalle rabi.

Ya yi sauri ya ja jarida ya rufe, ya dubi ƙofa.

"Maganin mi ne?" in ji Maimunatu, alhali jikinta ya riga ya ba ta amsa.

"Tiramol ne, Yaya. Da wata ƙarama ta sa barci."

"Halan na abokanshi ne."

"Abokai na shiga ɗakin?"

Ta san amsar. Ba wanda ke shiga. Abin da take alfahari da shi ke nan a gidan biki, ɗanta ba shi da tarkacen abokai.

Sharafaddeen ya sassauta murya. "Ranar sallah da ya zo gaishe ni, na ga idonshi, na ce ko rashin barci ne. Yaya, ki yi haƙuri da tambayar ga. Yaushe rabon da ki dubi fuskar Rufa'i?"

Ta buɗe baki za ta ce masa ya san ai ba a haka, sai ta fasa. Ta nemi fuskar a zuciyarta. Abin da ta samu fuskar yaro ce mai kumatu, ranar da aka dawo da shi daga gidan kakarsa. Bayan wannan sai ƙeya, sai gefen kafaɗa, sai takalma a bakin ƙofa.

Ba ta je sunan ba. Ta hau motar Kusada da gem ɗin a cinya, hanya duk tana jin nauyinsa.

* * *

Badamasi ya dubi ledar a tafin hannunsa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ya gani?"

"Sharafaddeen kaɗai."

"To, alhamdulillahi."

"Ya ce akwai asibitin da ake kai irinsu Katsina, Malam. Ya ce tun bai yi nisa ba."

"In kai shi Katsina, gobe duk Kusada ta ji ɗan Badamasi ya taɓu? Ga Basira an fara sallama da ita. Wa za ya ɗauki ƙanwar ɗan ƙwaya?" Ya dunƙule ledar ya cusa a aljihu. "Ni zan yi mashi faɗa, faɗa na gaske. Sannan a sawo sabon. In ya samu abin da ya fi wancan daɗi, za ya manta da wanga shirme. Ko ba komai yana gida. Ko kin fi so ya koma bayan firamare, ya zama Manu?"

Tana da abin faɗa. Tana so ta ce ai a gidan ya koya, a gidan ya sha, da bango ɗaya tsakaninsa da uwarsa. Amma ta dubi kumburarrun ƙafafun mijinta da furfurar da ta cika masa gemu, ta ga shi ma tsoro ne ke cin sa. Gajiya ta sauko mata har ƙashi. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

An yi faɗan a zaure, ƙofa a rufe. Rufa'i ya yi rantsuwa ya ƙara, ya ce ajiya aka ba shi. Ranar kasuwa aka ja ragon.

* * *

Sabon gem ya kwana biyu a falo, kamar yadda Basira ta roƙa. Daga nan Rufa'i ya ce surutun yara na hana shi jin wasan, Badamasi ya ce a bar shi ya ɗauka, ai dominsa aka saya. Ihun ya dawo zaure, ya ma fi na da ƙarfi da tsabta. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Ummi, kin huta, naki na gida."

Wata ranar Laraba bayan azahar, yara sun tafi islamiyya, mai gidan bai dawo ba. Maimunatu na tsince shinkafa, ihun na tashi yana sauka kamar kullum. Sai ta lura ba ta ji muryar mutum a ciki ba. Ko tsaki, ko dariya, ko ɗan zagin da yakan yi a da in an ci shi. Ta ajiye faifan.

Daga inda take zuwa zaure ba nisa, amma sai da ta tsaya a hanya ta gyara mayafi, kamar mai shiga gidan surukai. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta ɗaga labulen.

A talabijin 'yan ƙwallo na ta gudu a kan koren fili, suna ba juna, suna faɗuwa suna tashi. Hannun gem ɗin yana yashe a ƙasa kusa da kwanon tuwon da ba a buɗe ba. Ba wanda ke taɓa shi. Na'urar ce ke buga wasanta ita kaɗai.

Rufa'i na jingine da bango, kansa ya langaɓe a kafaɗa, yawu ya jiƙa wuyan rigarsa. Ƙirjinsa na ɗagawa a hankali, a hankali. Ta dube shi sosai. Ashe ya yi gemu. Ashe akwai tabo a goshinsa, tsohon tabo, wanda ba ta san ranar da ya samu ba. Kumatun da ta sani babu su.

Ta durƙusa. Harshenta ya yi nauyi, ta juya shi da ƙyar.

"Rufa'i."

Daidai nan wani ya jefa ƙwallo a raga, ɗakin ya cika da sowa. Yaron bai motsa ba. Ta sake kira, ita kanta ba ta ji muryarta ba.

Ta rarrafa wajen sabon gem ɗin, tana shafa shi gaba da baya. Ta rasa inda ake kashe shi.